Tambaya da Amsa: Wai gwamnati ta zuba kuɗi a harkar haɗa gem?

Assalamu alaikum jama'a. Wannan watan saƙonni da yawa akan magana ɗaya suka shigo, wato ko ya dace gwamnati ta ware kuɗi don a riƙa haɗa gem a ƙasar nan, irin wanda yaranmu ke bugawa a waya. Wasu na so, wasu har da faɗa. Na tsinci kaɗan, masu tsawo na rage su, kuma kamar kullum ba ma saka sunan kowa sai dai gari.

Tambaya daga wani matashi a ƙaramar hukumar Roni: Yaya barka da aiki. Na gama difloma a kwamfuta ina zaune gida ba aiki, yanzu ina koyon haɗa gem da wata tsohuwar laftof. Na ji ance a ƙasashen Turawa gwamnati ce ke ba masu wannan sana'ar kuɗi. Da gaske ne? In da gaske ne me ya hana tamu?

Ƙanena da gaske ne, amma fa ba irin yadda ake faɗa a majalisa ba, wai kana zaune a kira ka a miƙo maka kuɗi a leda. Bari in fara da Kanada don suna cikin waɗanda suka fi kowa cin moriyar abun. Akwai lardin Kwibek na masu jin Faransanci, wajen 1996 tsofaffin masana'antunsu suna ta durƙushewa, birnin Montreal rashin aiki ya yi yawa, sai gwamnatin lardin ta ce duk kamfanin da ya ɗauki mutanen wurin aikin haɗa gem da makamantansa za ta maido masa da wani kaso na albashin da ya biya. Ka lura da tsarin da kyau, sai ka ɗauki mutum, ka biya shi, ka kawo shaida, sannan a maido maka. A 1997 kamfanin Ubisoft na Faransa ya buɗe reshe a can, a nan aka haɗa shahararren gem ɗin nan Assassin's Creed, yau dubban mutane ke cin abinci da sana'ar a birnin. Shekara da shekaru kason yana kan 30 cikin ɗari, in kuma gem ɗin akwai shi da Faransanci sai ya tashi 37.5. Wannan ƙarin na harshe shi ya fi tsaya min a rai wallahi, mutane sun san darajar harshensu har sun saka masa farashi a cikin dokar haraji.

Sai Finland, ƙasar Nokia. Duk wanda ya riƙe 3310 ya buga gem ɗin macijin nan, to ɗan ƙasar ne ya saka shi a wayoyin Nokia tun 1997. Mutanen Finland gaba ɗayansu ba su kai miliyan 6 ba, Kano ko a ƙidayar 2006 ta haura miliyan 9. Suna da wata hukuma da ake kira Tekes a lokacin, yanzu ta koma Business Finland, aikinta ba ƙananan kamfanonin fasaha tallafi da rance mai sauƙi tun suna jarirai. Kamfanin gem na Supercell da aka kafa a 2010 ya samu irin wannan rancen, 2012 ya fito da Clash of Clans, zuwa 2016 kamfanin Tencent na China ya sayi mafi yawan hannun jarinsa akan sama da dala biliyan 8. Harajin da kamfanin da masu shi suka biya ya ninka abun da aka ba su ninkin ba ninkin. Poland kuma abun ya kai har a 2011 da Obama ya kai ziyara, firaministansu Donald Tusk gem ya ba shi kyauta, The Witcher 2, a matsayin abun alfaharin ƙasa, daga baya a 2016 suka buɗe shirin tallafi na musamman mai suna GameINN. Ingila ta fara rangwamen haraji a 2014, ta ƙara da wani ɗan asusu a 2015 da ke ba ƙananan ƙungiyoyi abun da bai wuce fam 25,000 ba a farkon shirin don su haɗa samfurin gwaji kawai. Jamus ma ta shigo a 2019 da yuro miliyan 50 a shekara.

To amma kar ka ɗauka duk wanda ya zuba ya kwasa. Jihar Rhode Island a Amurka ta tsaya wa wani kamfani guda ɗaya, 38 Studios, lamunin dala miliyan 75 a 2010, mai kamfanin Curt Schilling shahararren ɗan wasa ne, suna ne ya ja ƴan siyasa ba ƙwarewa a kasuwanci ba. Gem ɗaya suka fitar, 2012 kamfanin ya karye, aka sallami ma'aikata kaf, talakawan jihar suka yi ta biyan bashin shekaru. Ostireliya kuma ta ware dalarsu miliyan 20 a 2013, shekara na zagayowa sabuwar gwamnati ta soke asusun ba a ma gama rabawa ba. Wannan na biyun ai kamar a gida, ba sai na yi dogon bayani ba.

Me ya hana tamu? Gaskiya ba wai babu komai ba ne. A 2019 Babban Banki da bankuna sun fito da CIFI, rance ga masu fim, waƙa, ɗinki da fasahar zamani akan ruwan da bai wuce kashi 9 ba. Oktoban 2022 aka sa hannu a dokar ƙananan kamfanonin fasaha. Maris 2023 aka ƙaddamar da iDICE, shirin zuba jari a fasahar zamani da sana'o'in ƙirƙira, kuɗi sama da dala miliyan 600 da aka haɗo da Bankin Raya Afirka da Bankin Musulunci da hukumar raya ƙasashe ta Faransa, Bankin Masana'antu ke riƙe da shi. Sannan ga 3MTT, shirin koya wa matasa fasahar zamani na ma'aikatar sadarwa da aka fara ƙarshen 2023, wanda haɗa gem da zanen katun mai motsi suna cikin fannonin da ake koyarwa. Matsalar itace duk waɗannan manyan rumfuna ne, gem ɗan lungu kawai ya samu a ciki, kuma wanda ke da kamfani mai rajista da akanta da lauya a Legas ko Abuja shi ke iya cike takardun, kai da ke Roni kana jiran sabis ya dawo sai dai labari.

Ni ra'ayina a fili yake. Rangwamen haraji irin na Kanada ba zai amfane ka da komai ba yanzu, don ba ka biyan kowa albashi balle a maido maka. Zuba biliyoyi a kamfani ɗaya ko wani katafaren gini kuwa shine hanyar Rhode Island. Abun da ya dace da mu shine ƙaramin tallafi, ga ƙungiyoyi da yawa na mutum uku huɗu, a biya kashi-kashi. Ku kawo ɗan samfurin da za a iya bugawa a waya a ba ku na farko, ku kai wani mataki a ba ku na biyu, kun tsaya kuɗi ya tsaya. Masu tantancewa su zama waɗanda suka taɓa fitar da gem da hannunsu, kuma a manna sunan duk wanda ya karɓa da abun da ya fitar kowa ya gani. Gem yana da wani alheri da sauran kwangiloli ba su da shi, ba a iya ƙaryarsa, ko dai ya buɗe a waya ko bai buɗe ba.

Tambaya daga wani dattijo manomi a Bunkure, ɗansa ne ya rubuto masa: Malam, buhun taki ya fi ƙarfinmu, asibitin garinmu ba magani, ajin yara rufin ya yaye. A haka ne za a ɗauki kuɗin jama'a a ba yara su yi wasa? Wannan ba rashin hankali ba ne?

Baba Allah ya ƙara girma, ya sa a yi damina lafiya. In aka ce min yau in zaɓa tsakanin maganin asibitinku da asusun gem, ko numfashi ba zan ja ba zan ce magani. A nan ba mu da saɓani. Inda nake roƙon ku duba shine, masu buga wasan daban masu ƙera shi daban. Ba wanda ya ce a ba yaro kuɗi ya zauna yana danne-danne, maganar ta masu sana'ar ce, mai rubuta manhaja, mai zane, mai haɗa sauti, mai tsara labari, kuma kasuwar da suke nema ta kai wajen dala biliyan 180 a shekara a duniya, kusan rabinta daga wayar hannu. Yanzu haka Baba jikokinku suna cikin kasuwar nan tsundum, amma a matsayin masu saye kawai, duk datar da suka ƙona da duk tallar da suka kalla wani ne a China ko Singafo ko Amurka ke karɓar ribar.

Kuma wanda ya iya haɗa gem ba gem kaɗai ya iya ba. Ilimin ɗaya ne da na haɗa manhajar da za ta koya wa ɗan aji ɗaya karatu, ko ta nuna wa manomi yadda ake auna maganin feshi da hoto da murya da Hausa. Ko gem ɗinsa bai karɓu ba ya fita da sana'ar da zai yi wa wani kamfani aiki daga ɗakinsa a biya shi.

Amma tsoronku yana da tushe, don mun ga jiya. A 2013 gwamnatin tarayya ta ware naira biliyan 3 don masu fim, har yau in ka zauna da ƴan fim ana muhawarar wa ya samu wa bai samu ba. A 2016 aka zo da maganar dandalin shirya finafinai a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji, nan kusa da ku, shi ma biliyan 3, ba a zauna da malamai da iyayen ƙasa tun farko an yi musu bayani ba, sai a rediyo mutane suka ji, aka yi ca, gwamnati ta janye, kuɗin bai zauna a Kano ba. Ko mutum yana goyon bayan wancan aikin ko ba ya yi, darasin ɗaya ne, duk abun da za a kawo mana daga sama ba shawara to ƙarshensa kenan. Shi yasa nake cewa kar a fara da gini, kar a fara da biliyan. Kuma abun da mai haɗa gem ya fi buƙata daga gwamnati shine dai abun da ku ma kuke buƙata, wuta tsayayya da makaranta mai kyau da sabis ɗin waya da ba ya gudu in hadari ya taso. Jigawa ta taɓa yin irin wannan hangen tun farkon shekarun 2000 lokacin Saminu Turaki, da aka buɗe makarantar kwamfuta a Kazaure aka jawo intanet mutane na ta dariya wai jihar manoma me za ta yi da kwamfuta, to yaran da suka fita daga nan da yawansu da shi suke riƙe gidajensu yau. Ɗaki ɗaya mai sola da kwamfutoci masu ƙarfi a irin waɗannan makarantu, Kazaure, Dutse, Babura, Wudil, Kafin Hausa, a bar shi buɗe har dare ga duk mai aiki a hannu, bai kai kuɗin motar babban jami'i guda biyu ba.

Tambaya daga wata uwa a Ringim: Ɗana shekararsa 15, gem ɗin Free Fire ya hana shi barci, asuba sai da duka, kuma na kama shi yana ɗaukar kuɗin cefane wai zai sayi dayamon, kuɗin da ake kashewa a cikin gem ɗin. Ni a wurina wannan da caca duk ɗaya ne. Yanzu kuma gwamnati za ta ƙara musu?

Hajiya sannu, Allah ya shirya mana su. Ba ke kaɗai ba ce, kuma ba ƙyashi kike ba, Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta saka jarabar buga gem cikin jerin cututtuka a 2019, wato in abun ya kai mutum ya bar karatu da barci da mu'amala kuma ya kasa dainawa. China da ta fi kowa cin kuɗin sana'ar, a 2021 ta taƙaita wa yara ƴan ƙasa da 18 buga gem na intanet zuwa awa 3 a sati, awa ɗaya-ɗaya Juma'a Asabar da Lahadi. Kin ga ƙasa na iya renon sana'ar kuma ta tsare yaranta lokaci guda.

Maganar caca kuma a raba ta biyu. Shagunan bet da ake saka kuɗi akan ƙwallo wannan caca ce tsagwaronta ba ta da alaƙa da abun da muke magana, Hisbah ma ta rufe irinsu a Kano a 2024. Gem na yau da kullum ba caca ba ne. Amma akwai wani abu a tsakiya da kika hango kuma kin yi gaskiya, a cikin gem da yawa ana sayar da wani akwati ko juya wata ƙafa, ka biya kuɗi na gaske ba ka san me zai fito maka ba, ko riga mai tsada ko tarkace, sai yaro ya yi ta sake biya yana sa ran wannan karon. Beljiyam ta ɗauke shi a matsayin caca tun 2018 ta hana. Hukuncinsa a shari'a na bar wa malamai, amma ni dai in da ni ke rubuta sharuɗɗan asusun gwamnati, layin farko shine duk gem mai irin wannan akwatin ba zai ga sisin kwabo ba. Wannan ma wata hujja ce ta a sa hannu a harkar, don wanda bai saka kuɗinsa ba ba shi da bakin gindaya sharaɗi.

Shi kuma yaron, wayar ta riƙa kwana a ɗakinki ba a nasa ba, caja ma haka. Ki nemi wani babban yayansa ya buɗe miki Family Link na Google a wayar, kyauta ne, kina iya yanke awannin da zai yi da lokacin da wayar za ta kulle kanta. Kuɗin cefanen da ya ɗauka kuwa ya biya da aikin hannunsa, kar ki yafe wannan.

Tambaya daga mai gidan gem a Gezawa: Oga ina da PS guda huɗu da janareto, yara na buga ƙwallo ina karɓar na kati. Wani abokina ya iya kodin, wato rubuta manhajar kwamfuta, yana so mu ci bashin banki irin na gwamnati mu haɗa namu gem ɗin. In shiga? Kuma ga maganar ruwa a kan bashin.

Abokina kar ka ci bashi don haɗa gem ɗinka na farko, da ruwa ko ba ruwa. Bashin noma ko ba komai akwai ranar girbi da za ka ce in Allah ya yarda zan biya, shi gem ba shi da ranar girbi. Rovio masu Angry Birds sai da suka haɗa gem 51 kafin wannan na 52 ɗin ya karɓu a 2009, kuma lokacin sun kusa rufe kamfanin. Mafi yawan gem da ake ɗorawa a Play Store ba sa maido ko kuɗin datar da aka ɗora su. Banki kuwa ƙarshen wata ya sani. Shi yasa duk ƙasashen da abun ya yi musu aiki, a matakin farko tallafi suke bayarwa ko rancen da sai abu ya yi kyau ake biya ko su shiga da hannun jari, riba tare asara tare. Wannan na ƙarshen ai shi ne ya fi kusa da tsarinmu na musharaka da mudaraba, kuma tunda Bankin Musulunci na cikin masu kuɗin iDICE, ƴan majalisarmu da gwamnoninmu suna da bakin da za su nemi a buɗe taga marar ruwa da gaske wadda ɗan Gezawa zai iya kaiwa gare ta.

Sannan farawa ba ta buƙatar kuɗin da kuke zato. A manhajojin haɗa gem, Godot kyauta ne gaba ɗaya kuma tsohuwar laftof na ɗaukarsa, Unity na da na kyauta ga masu farawa, Blender na zane kyauta ne. Rajistar ɗora gem a Play Store dala 25 ce sau ɗaya, Apple dala 99 duk shekara, Steam, kasuwar gem na kwamfuta, dala 100 kowane gem, kai dai ka fara da Android don shi mutanenmu ke riƙe da shi. Google na cire kashi 15 a miliyan ɗaya ta farko ta dala da ka samu a shekara, ka ga wannan ba damuwarka ba ce tukuna. In sabon rajista ne a Play Store sai an samu mutane sun gwada gem ɗin sati biyu kafin a bari ka sake shi, kuma a nan ka fi kowa sa'a, kana da ɗaki cike da yara kullum da za su gwada su faɗa maka gaskiya ba kunya, kamfanoni kuɗi suke biya don su samu irin wannan. Ka riƙe gidan gem ɗinka shi ke ciyar da ku, ku yi wancan da dare in an tashi.

Wani ya haɗo da tambayar ko da gaske Saudiyya na zuba kuɗi a harkar gem a saƙonsa, bari in amsa a nan. Eh, a 2022 sun sanar da riyal biliyan 142 don harkar ta hannun kamfaninsu Savvy, 2023 suka sayi Scopely na Amurka akan dala biliyan 4.9, 2024 suka fara gasar gem ta duniya a Riyadh da kyautar sama da dala miliyan 60. Wannan sayen kamfanonin da suka riga suka girma ne da kuɗin mai, ba hanyar da za mu iya bi ba ce. Misalin da ya fi kama da mu yana Kamaru, Kiro'o Games a Yawunde, da wutarsu mai ɗaukewa kamar tamu, suka tara jari ta hanyar sayar wa ɗaiɗaikun mutane ƙananan hannun jari har suka fitar da Aurion a 2016. A Legas ma Maliyo Games tun 2012 suke abu ɗaya, sun fara da ƙananan gem na ɗan acaɓa da kashe sauro, sai a 2024 suka kai ga aiki da Disney. Shekara 12 kenan fa.

Tambaya daga wata ɗaliba a Birnin Kudu: Yaya ni ban iya kodin ba amma na iya zane sosai, ina zanen lalle da na hula da katun a waya. Akwai wurina a wannan harkar?

Ƙanwata akwai, babba ma. A manyan kamfanoni masu zane sukan kai masu kodin yawa ko su fi su, don duk abun da ido ke gani a allo wani ne ya zana shi, mutum, doki, bango, maɓalli. Masu kodin a Arewa sun fara yawa, masu zanen da suka san yadda zanen dagi yake da yadda rawani ke zama a kai su ne ba a samu. Ki sauke manhajar zane ta ibisPaint ko Krita ki riƙa tara ayyukanki wuri ɗaya, ki koyi zana mutum ɗaya ta gaba ta gefe ta baya da yadda yake tafiya. Aiki ne da ake yi daga gida, wanda ya sa iyaye da yawa ba za su ƙi ba. In an buɗe rajistar 3MTT ki cike ɓangaren katun, kuma ba a biyan ko kwabo, duk wanda ya ce ki turo kuɗin fom ɗan damfara ne.

Ta ƙarshe daga wani malamin firamare a Gwaram: Allah gafarta, in har za a yi, me zai hana gwamnati ta ba da kwangilar babban gem guda ɗaya na tarihinmu, Bayajidda ko Sarauniya Amina, wanda zai yi gogayya da na Turawa?

Malam Allah ya ƙara basira, burin mai kyau ne amma ina jin tsoron hanyar. Irin waɗancan manyan gem ɗaruruwan mutane ke yin su shekara huɗu biyar, kuɗinsu na haura dala miliyan 100, kuma masu yin sun yi ƙanana da yawa kafin su kai nan. In aka ba da shi kwangila mun san yadda za a yi, za a kafa kwamiti, a yi bikin ƙaddamarwa, a nuna bidiyon minti biyu, sannan a yi ta gardamar wace masarauta aka fifita da wa aka zana ba daidai ba, shikenan. Gem ɗin da kwamiti ya tsara ba ya daɗin bugawa, yaro kuma ba ya buga abu don kishin ƙasa, in ba daɗi minti ɗaya ya goge.

A fara da abun da ke hannu. Dara ga ta nan, ramuka 30 kowa da ƴaƴa 12, dokokinta a shirye tun kaka da kakanni, mutum biyu za su iya haɗa ta cikin ƴan watanni a saka yadda ɗan Gwaram zai kara da ɗan Damagaram ta waya. Dambe ga shi, bidiyonsa miliyoyi ke kallo a YouTube har ƙasashen waje, da kirari da ganga da zagaye uku, kamar don gem aka yi shi. Langa, kokawa, sukuwar doki, wayon Gizo, ga na koyon baƙi da wasali da lissafi da ku malamai kuka fi kowa sanin inda yara ke tuntuɓe. Sai dai duk wanda zai yi ya tuna wayar da ke hannun mutanenmu, itel da Tecno masu ƙaramin ƙwaƙwalwa, ga data ta ƙara tsada tun ƙarin kashi 50 da aka amince wa kamfanonin waya a farkon 2025, don haka gem ɗin ya zama mara nauyi, ya yi aiki ba intanet, a iya tura shi ta Xender, kuma ya yi magana da murya don ba kowa ke karatun boko ba.

Wurin da ya fi wuya shine samun kuɗin. Talla da ake nuna wa mai waya a Najeriya kuɗinta kaɗan ne ƙwarai in aka kwatanta da wanda ke Amurka, mutanenmu kuma ba su saba sayen abu a cikin gem da katin banki ba. To a nan gwamnatin jiha za ta iya abun da ya fi raba tallafi amfani, ta zama mai saye. Hukumar ilimin bai ɗaya ta ce muna son gem na koyon karatun Hausa na aji 1 zuwa 3, ta buɗe gasa, ƙungiyoyi su kawo samfuri, a kai wasu makarantu a Gwaram da Gumel da Rano yara su gwada, ku malamai ku ba da maki, wanda ya fi a saya a biya shi. Haka ma'aikatar lafiya da ta noma. Malam in kuna da ƙungiyar malamai a ƙaramar hukumarku ku rubuta wannan a takarda ku kai wa sakataren ilimi da ɗan majalisar jiharku kafin a fara zaman kasafin kuɗin baɗi, ku turo min kwafi in buga a wannan shafin.

Saƙonnin da suka shafi gyaran sola da batirin da ke saurin mutuwa sun taru da yawa, su za mu ɗauka a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.